Al'adar yayata ta koma kwana 12, an ce ƙarin mahaifa ne: da wane gwaji za a fara?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da ungozomomin da ke nan ku taimaka mana da bayani. Yayata ce, shekarunta 44, haihuwarta bakwai, autarta na da shekara shida. Da can kwana biyar take yi al'ada ta ɗauke. Wata biyar ke nan abin ya birkice: tana yin kwana 11 zuwa 12, kwana ukun farko da gudaji, audugar mata ba ta kai awa biyu ta jiƙe. Wani lokacin sai ta yi kwana arba'in ba ta gani ba, sannan ya ɓalle. A kemis an ce sanyi ne, ta sha magani kala-kala, daga baya aka ba ta Primolut. In tana sha sai ya tsaya, in ta bari ya dawo. Ta yi sikanin, an ce akwai ƙari a mahaifa mai santimita 3. Yanzu dangi sun rabu biyu, wasu na cewa a yi tiyata a cire, wasu na cewa al'ada ce ke shirin ɗaukewa, a ƙyale ta. Ita kuma duk ta ɗashe, ko tsakar gida ta share sai haki. Ƙarin ne ke kawo jinin? Wane gwaji ya kamata ta yi, kuma da wanne za a fara?

Likitar Mata:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Yaya lafiya. Lissafin kwanakin nan da kika kawo shi ne abin da muke fara nema a asibiti, kuma shi ne yawanci ba a zuwa da shi.

Ga ma'aunin da muke aiki da shi. Daga ranar farko ta al'ada zuwa ranar farko ta mai bi mata, kwana 24 zuwa 38. Jinin kada ya wuce kwana 8. Yawansa kuwa, in ya haura mililita 80, kamar babban cokali biyar da ɗoriya, ya yi yawa. Ba mai aunawa da cokali, shi ya sa muke tambaya: ana canza auduga kafin awa biyu? Ana tashi da dare a canza? Yana ɓata zane ko shimfiɗa? Gudajin ya kai faɗin murfin kwalbar lemo? Yaya ta fita daga ma'aunin ta fuska uku, tsawon kwanaki da yawan jini da rashin tsari. Maganar a ƙyale ta ba ta taso ba.

Maganar tiyata ma ba ta taso ba tukuna. Ƙarin mahaifa ya yi yawa a jikin matan Afirka, mata da dama na ɗauke da shi har su tsufa ba su sani ba. Ganinsa a sikanin ba ya nufin shi ne mai laifin. Wurin da ya zauna ya fi girmansa muhimmanci. Wanda ya tsiro ta bayan mahaifa yana iya kai girman lemon zaƙi bai ƙara ɗigon jini ko ɗaya ba, sai dai ya danne mafitsara. Wanda ya turo kai cikin ramin mahaifa, ko bai wuce gyaɗa ba, yana iya sa mace zubar jini har a kai ga ƙarin jini. Kuma ƙari yakan ƙara yawan jini ne alhali al'adar na zuwa a kan lokacinta. Wannan tsallaken kwana arba'in ɗin ya fi nuni ga wani wuri daban.

A watan da komai ke daidai, sinadarin istirojin ne ke gina shimfiɗar cikin mahaifa, kamar mai yaɓe yana ɗora ƙasa. In ƙwai ya fita, sai furojestaron ya zo ya tsayar da ginin ya ƙarfafa shi. Bayan kamar kwana 14, in ba a samu ciki ba, sinadarin ya sauka, shimfiɗar ta zube lokaci guda, jinin ya tsaya cikin 'yan kwanaki. Mace in ta haura arba'in, akwai watannin da ƙwai ba ya fita. Furojestaron ba ya zuwa, istirojin kuma ya ci gaba da ɗora yaɓe. Shimfiɗar ta yi kauri ba ƙarfi, sai ta riƙa zubewa gefe-gefe kamar katangar ƙasa da damina, nan ya zube yau, can ya zube jibi. Shi ya sa ake jinkiri sannan jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa. Primolut ɗin da take sha nau'in furojestaron ne, yana riƙe katangar, da an janye shi ta zube. Haka nan ke faruwa da 'yan mata a shekarun farko na fara al'ada, da masu matsalar ƙwai da ba ya nuna, wadda kan zo da ƙiba da ƙurajen fuska da gashin haɓa, da masu matsalar tayirod, wani ƙulli da ke gaban wuya.

Abin da ke sa mu damu shi ne, shimfiɗar da ta daɗe tana kauri babu mai tsayar da ita tana iya canza kama, a wasu matan ta kai ga cutar kansa, wato ciwon daji. Sikanin ba ya iya faɗa miki ko ta canza. Sai an ɗebo ɗan yanki an duba shi da madubin likita. Ƙa'idar ita ce, mai shekara 45 zuwa sama da jini irin wannan a ɗebo. Wadda ba ta kai ba kuma a ɗebo in tana da ƙiba, ko ciwon suga, ko jinin ya ƙi jin magani.

Ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta raba dalilan irin wannan jini gida tara a 2011. Huɗu ana ganinsu da ido ko na'ura: tsiron nama a cikin mahaifa, shimfiɗar da ta kutsa cikin tsokar mahaifa, ƙari, da cutar kansa ko abin da ke gab da ita. Biyar ba a ganinsu a hoto: jinin da ba ya daskarewa, ƙwai da ba ya fita, matsalar shimfiɗar kanta, magunguna, da sauran da ba su shiga ko'ina ba. Mace ɗaya na iya haɗa biyu ko uku, kuma ina zargin haka ne a nan.

Amma kafin duk wannan, gobe in Allah ya kai mu a yi abu biyu: gwajin ciki na fitsari da awon jini. Hakin nan da ɗashewa alamar jininta ya yi ƙasa ne. In tana jiƙa auduga duk awa har awa biyu a jere, ko jiri na ɗibarta in ta miƙe, ko ta suma, wannan ba na jiran gobe ba ne. Ki faɗa mana: tana da ƙiba, suga ko hawan jini? Tana tsarin iyali? Tana ganin jini bayan kwanciya da maigidanta?

Ungozoma:

Likita ta gama magana a kan cikin mahaifa. Ni zan tsaya a bakin ƙofa, don a nan ake yawan tsallakewa.

Gwajin ciki tukuna, ko shekarunta nawa, ko ta rantse ba ta da shi. Duk macen da al'ada ba ta ɗauke mata gaba ɗaya ba, in ta yi ɓatan wata sannan jini ya zo da gudaji, ɓari ne har sai gwaji ya ce ba shi ba ne. Ragowar ɓari da bai fita duka ba yana sa jini ya yi ta tsiyaya makonni, wani lokaci da wari da zazzaɓi, maganinsa wankin ciki. Wanda ya fi haɗari shi ne cikin da ya zauna a bututun ƙwai maimakon mahaifa: jini ɗan kaɗan baƙi-baƙi a waje, ciwon mara gefe ɗaya, can ciki kuma in bututun ya fashe jini na taruwa. Ciwon kafaɗa da jiri da zufa mai sanyi a irin wannan hali, asibiti kai tsaye. Tsinken gwajin ba shi da tsada, da fitsarin farko na safe, a karanta cikin mintunan da aka rubuta a jikin ledar, kada a ajiye shi sai bayan awa a zo ana neman layi.

Sai magunguna. Allurar tsarin iyali ta wata uku da ta wata biyu da ashanar hannu duk suna kawo ɗige-ɗige marar tsari, musamman wata uku zuwa shida na farko, kuma wannan ba cuta ba ce. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara. Ƙwayar da ake sha kullum, in ana mantawa, jini na ɓullowa tsakiyar wata. Masu shan maganin tsinka jini saboda zuciya ko daskarewar jini a ƙafa su ma haka. A kwashe duk abin da take sha a leda a tafi da shi, har na gargajiya da abin da ake matsi da shi. Kanwa da alimun da haɗe-haɗen da ake cusawa suna ƙona fatar gaba su sa ta jini, kuma in ba a faɗa ba ba mai sani.

Babban abin da nake roƙo: kada Yaya ta bar asibiti ba a duba bakin mahaifarta da ido ba. Sikanin ɗin mara ba ya nuna ciwon bakin mahaifa yadda ya kamata. Ana sa ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa, a haska fitila, minti biyu an gama. Ana iya ganin tsiron nama yana lilo, ko kumburi, ko gyambo. In bakin ya yi kyau a ido, ana shafa ruwan tsami na asibiti mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, a jira minti ɗaya, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. In kuwa akwai gyambo ko tsiro mai saurin jini, ba a tsayawa shafa komai, a yanki ɗan nama a kai gwaji. Kansar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa a cikin matan Najeriya bayan ta nono, kuma alamarta ta farko sau da yawa jini bayan saduwa ne ko ruwa mai wari, abin da ake cewa sanyi a yi ta shan magani shekara guda. Ƙwayar cutar HPV ce ke kawo ta, shi ya sa aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Najeriya tun Oktoban 2023.

Ga kuma wanda ake mantawa da shi: tsargiya. Matan da suka tashi a bakin kogi ko wurin noman rani, suna wanki da wanka a madatsa, ƙwan tsutsar na iya zama a bakin mahaifa ya yi tabo kamar an watsa yashi, yana jini in an taɓa. Sai an tambayi inda mace ta girma ake tunawa da ita.

Wani abu da ke jinkirta mata da yawa: suna lissafi da hukuncin sallah. A mazhabar Malikiyya iyakar haila kwana 15 ne, abin da ya wuce ya zama jinin ciwo. Wannan amsar tambayar yaushe za ta yi wanka ta yi sallah ce, kuma malamai ne masu ita. Amma kwana 12 duk wata yana ƙarar da jinin mace ko da bai kai 15 ba.

Mai Sikanin:

Hajiya, ki duba takardar sikanin ɗin. In abin da aka rubuta kawai shi ne akwai ƙari mai santimita 3, hoton bai amsa tambayar likita ba. Ya kamata a ga girman mahaifa, wurin da ƙarin yake, ko ya taɓa ramin ciki ko ya lanƙwasa shi, kaurin shimfiɗar a milimita, halin ƙwayayen biyu, da ranar da take a cikin watanta lokacin da aka yi hoton.

Hoton ta saman mara yana buƙatar mafitsara a cike, a sha ruwa kofi uku zuwa huɗu awa ɗaya kafin lokacin. Yana nuna manyan abubuwa, amma ga mai tumbi ko ƙaramin tsiro ba ya wadatarwa. Na ta gaba ya fi shi nesa ba kusa ba, shi kuma da mafitsara a wofi ake yi. Matar aure ta nemi wannan, tana iya cewa mace take so ta yi mata. Budurwa ta saman mara ake yi mata.

Lokaci ma na da tasiri. A yi shi da zarar jini ya ɗauke, wajen kwana na 5 zuwa 10, lokacin shimfiɗar ta yi siriri, tsiro ba ya samun wurin ɓuya. Gab da al'ada shimfiɗar lafiyayyar mace na iya kai milimita 14 zuwa 16, sai a tsorata mutum a banza, ko tsiro ya ɓace a ciki. In ana shakka, ana zura siririn bututu a ɗura ruwan gishiri na asibiti kamar mililita 10 zuwa 20, ramin ya buɗe, duk abin da ke ciki ya fito fili. Ba a yin wannan in akwai ciki ko ciwon sanyi na gaske a mara.

Kaurin shimfiɗa na milimita 4 da ake yawan faɗa na matan da al'ada ta ɗauke musu ne shekara guda cur. A wurinsu ko ɗigo ɗaya suka gani a bincika, don kusan ɗaya cikin goma na masu irin wannan jinin kansar mahaifa ake samu. Shimfiɗar da ba ta wuce milimita 4 ba na kwantar da hankali sosai. Ga mai al'ada kamar Yaya, wannan adadin ba ya aiki.

Da haihuwa bakwai, a lura da tsokar mahaifar kanta. In ta kumbura gaba ɗaya kamar ƙwallo, bango ɗaya ya fi ɗaya kauri, kuma tana ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada, shimfiɗa ce ta kutsa cikin tsoka. Ana yawan rubuta shi a matsayin ƙari, alhali ba abin da za a ɓare a cire.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An yi gwajin ciki yau da safe, babu. Awon jini sun ce PCV 24. Tana da jiki sosai, kuma shekara uku ke nan tana shan maganin suga. Ba ta tsarin iyali, ba ta ganin jini bayan kwanciya. Ba a taɓa duba bakin mahaifarta ba. Takardar sikanin ɗin ba ta faɗi wurin da ƙarin yake ba. An rubuta mata gwajin ƙwayar cutar sitaf da na sinadaran homon guda shida, kuɗin da yawa. Duka za a yi?

Ɗan Ɗakin Gwaji:

Hajiya, PCV shi ne kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, kuma 24 na nufin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, wajen 8. Mace marar ciki ya kamata ta kai 12, wato PCV 36. Ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma tana bakin iyakar da ake kira mai tsanani. A yi cikakken ƙidayar jini maimakon PCV kaɗai, don a ga girman jajayen ƙwayoyi da adadin ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ya kamata su kai 150,000 zuwa sama. In da hali a ƙara feritin, shi ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe. Sai dai yana hawa in akwai zazzaɓi, ya ɓoye ƙarancin.

Gwajin sitaf ɗin a ajiye kuɗinsa. Wannan ƙwayar na zaune a fatar lafiyayyun mutane, audugar ɗiban samfur na kwaso ta a hanya, kuma ba ta sa al'ada ta yi kwana 12. Na homon guda shidan ma, wanda zai iya canza magani shi ne na tayirod, TSH. Wanda ake yi don a ga ko al'ada ta kusa ɗaukewa yana hawa yana sauka wata-wata a wannan shekarun, sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci.

Gwajin daskarewar jini ya fi shafar wadda tun farkon balagarta take zubar da jini da yawa, mai yawan haɓo, jinin dasashi, ko zubar jini bayan haihuwa da cire haƙori. Cutar von Willebrand ce aka fi samu a nan, kuma gwaje-gwajen daskarewa na yau da kullum na iya fitowa lafiya alhali tana nan. Yaya da ta haihu bakwai tana al'adar kwana biyar ba ta yi kama da wannan ba.

Likitar Mata:

To, da wannan amsar hanya ta fito. Ƙiba da suga da tsallaken wata da jinin da ya dawo bayan magani sun isa a ɗebo shimfiɗar, ba sai ta cika 45 ba. Kitse da kansa yana samar da istirojin, yana ƙara wa yaɓen nan kauri. Yawan haihuwarta na rage mata haɗarin kansar cikin mahaifa, amma bai kai a fasa gwajin ba, kuma ba ya kare ta daga ta bakin mahaifa.

Ta je wurin likitan mata a babban asibiti cikin makon nan. A zama ɗaya ana iya duba bakin mahaifa a kuma ɗebo shimfiɗar. Siririn bututun roba ne mai kaurin milimita 3, ana zura shi ta bakin mahaifa a ja sandar cikinsa ya tsotso nama, ba a sa barci, ciwon kamar murɗar al'ada ne na ɗan lokaci. Ana sa naman a kwalbar fomalin, ruwan da ke hana shi ruɓewa, a kai ɗakin binciken nama, irin na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ku tabbatar an rubuta a takardar cewa ta sha Primolut da ranar da ta daina, don yana canza kamannin naman ya rikita mai dubawa. Ku karɓi lambar kwalbar, ku koma ku karɓi sakamakon da kanku ko jinin ya tsaya. In aka rubuta naman bai isa ba, wannan ba sakamakon lafiya ba ne, maimaitawa ake yi. Bututun kuma a makance yake ɗiba, yana iya tsallake tsiro. In sakamako ya yi kyau jini bai daina ba, sai a shiga da kyamara a duba ramin da ido.

A sake sikanin ta gaba bayan jinin ya ɗauke. In ƙarin na waje ne ko bai taɓa ramin ba, a bar shi inda yake.

Ƙarancin jinin ba ya jiran kowane sakamako. Da PCV 24 da haki, likitan da ya gan ta ne zai yanke ko ƙwayar ƙarfe ta isa ko sai ta jijiya ko ƙarin jini. In ƙwaya ce, kada ta haɗa ta da shayi, a ba da tazarar awa biyu, kuma ta ci gaba da sha wata uku bayan jinin ya dawo daidai don ajiyar ta cika. Bayan gida zai yi baƙi, ba matsala ba ce. Akwai maganin rage zubar da ba na homon ba da za a iya rubuta mata na kwanakin jinin, wanda ba ya ɓata gwajin naman. Kada ta saya da kanta, don ba a ba wadda jini ya taɓa daskare wa a ƙafa ko huhu. In tana kan Primolut yanzu kada ta yanke shi lokaci guda da wannan jinin nata, ta tafi da kwalin likita ya tsara mata. Ki samo mata ƙaramin littafi ta fara rubuta ranar da jini ya zo, ranar da ya ɗauke, da adadin audugar kowace rana, ta tafi da shi duk zuwa asibiti.